Motar hoton ƙirji ta zo kasuwarmu: abin da na gani da abin da ya biyo baya

Gyaran waya nake yi a Kano, shekara goma sha ɗaya ke nan a shago ɗaya. Shagon in na miƙe hannuwana saura kaɗan in taɓa bango da bango, kuma mu huɗu ne a ciki daga safe har magariba, ni da yarana uku masu koyon aiki. Taga babu. Fanka ɗaya ce a saman kanmu, tana juya hayaƙin dalma da numfashin da muka riga muka fitar. A ƙofar shagon akwai teburin kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana sayar da caja da batir da gilashin kare fuskar waya. A irin wannan wuri motar da zan ba da labarinta ta same mu.

A hunturun da ya wuce, ranar wata Litinin bayan Azahar, aka sanar a masallacin kasuwa cewa gobe masu gwajin tarin fuka za su zo da mota, za su ɗauki hoton ƙirji kyauta. Ban ba maganar muhimmanci ba. Lokacin hazo kowa tari yake yi a Kano, ni kuwa ko tarin ma ba na yi. Kawu ne ya matsa. Shi ya taɓa kwanciya da ciwon nan wajen shekara ashirin da suka wuce, ya sha magani wata takwas kamar yadda ake yi a wancan lokacin, ya warke, amma tun daga nan ba ya wasa da abin da ya shafi ƙirji. Washegari da hantsi ya leƙo shago ya ce, “Kai ɗan nan, rufe ƙofar nan, kwaso yaranka mu je. Awa ɗaya ba za ta talauta ka ba.” Muka tafi mu biyar.

Babbar mota ce fara, da janaretonta, an kafa rumfa a gefe da benci uku. A teburin farko wata ma'aikaciya ta rubuta suna da shekaru da lambar waya, ta yi tambayoyi da Hausa tsantsa: kana tari, tun yaushe, kana zazzaɓi, kana gumi da dare, ka rame, ka taɓa shan maganin tarin fuka, akwai mai yi a gidanku? Daga nan sai a ba ka ’yar takarda mai lamba, ka jira. Layin yana tafiya fiye da yadda na zata. Da aka zo kaina na hau matakala, mai ɗaukar hoton ya ce in fitar da komai na ƙarfe daga aljihun gaba, in manna ƙirjina a jikin wani faranti, in ɗora hannuwa a ƙugu in turo kafaɗu gaba. “Malam, ja numfashi. Riƙe.” Shi ke nan. Daga hawa zuwa sauka bai fi minti uku ba, kuma ko sisi ba a karɓa ba, ba a kuma yi mini wata alama ta neman na goro ba. Wannan na faɗa ne don na san abin da mutane da yawa ke tsoro in an ce musu abu kyauta ne.

Ni mutum ne mai son ganin cikin na'ura, don haka kafin in sauka na roƙi mai hoton ya nuna mini allon kwamfutarsa. Mutumin kirki ne, ya juyo mini da ita. Hoton huhuna na nan baƙi da fari kamar yadda aka saba gani, a gefensa kuma ga wani irinsa an shafe shi da launi, sannan ga lamba a sama: 14. Ya ce manhajar da ke cikin kwamfutar ce ta karanta hoton, ba likita ba, kuma ba ta kai minti ɗaya ba take ba da maki tsakanin 0 da 100. In maki ya yi ƙasa, huhun bai yi kama da na mai tarin fuka ba. In ya haura wata iyaka da aka sa, sai a karɓi kakin mutum a gwada. Launin kuwa yana nuna inda manhajar ta ga abin da bai kwanta mata ba. Shuɗi lafiya lau, ruwan ɗorawa da ja kuma wurin zargi.

Ina ganin wannan hoto mai launi na gane shi, domin da irinsa nake cin abinci. In waya ta zo ta mutu tana shan batir, nakan buɗe ta, in ba injin wuta kaɗan, in ɗora shi ƙarƙashin kyamarar zafi. Nan take wuri ɗaya zai yi ja a allo. Amma duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san jan nan bai faɗa maka abin da ya ƙone ba. Wani lokacin aisi ne, wato ɗan baƙin guntun da ke sarrafa aiki a injin waya, ya mutu, wani lokacin wata ’yar kafasita ce a gefensa ta yi shot, wato wuta ta haɗe a cikinta, take ɗumama shi, wani lokacin kuma tsohon gyara ne da wani ya yi ya bar dalma a cunkushe. Kyamara tana gaya maka inda za ka duba, mitar auna wuta ce ke yanke hukunci. Yaron da ya cire aisi saboda kawai ya ga ja a kansa ya kashe wayar mutane. Haka manhajar nan take da huhu. Ba ta ganin ƙwayar cuta, ƙwayar ta yi ƙanƙanta da a gan ta a hoton ƙirji. An horar da ita ne da ɗimbin hotunan mutanen da aka riga aka san sakamakonsu, har ta koyi kamannin ɓarnar da ciwon ke yi: inuwa a saman huhu, kogo a cikin tsoka, ruwa da ya taru a gefe. Kama take nunawa, ba hukunci ba.

Ni 14, manyan yarana biyu su ma ƙasa sosai. Kawu ya fito da 81. Ƙaramin yarona, mai shekara 19, ya fito da 74.

Na Kawu bai ba ni mamaki sosai ba, dattijo ne, kuma da sanyi yana ɗan tari. Na yaron ne ya sa gabana ya faɗi. Ya juyo ya kalle ni ya ce, “Oga, ni fa ba na tari.” Kuma gaskiya ya faɗa. Wata tara yana zaune a gefen damana, kafaɗarmu na gogar juna, ban taɓa jin ya yi tarin da zai ja hankalina ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne wuyan rigarsa ya yi masa yawa, da la'asar kuma yakan kifa kai a tebur. Na ɗora laifin a kan tsadar abinci da tafiyar ƙasa da yake yi daga unguwarsu. A tambayoyin teburin farko ya amsa babu a kusan duka, in da tambaya kaɗai ake bi da an sallame shi. Daga baya na karanta cewa a binciken da aka yi gida-gida a ƙasashen Afirka da Asiya, wajen rabin waɗanda gwaji ya tabbatar suna da tarin fuka a huhu ba su kawo kukan alamun da ake tambaya a kai ba. Rabi fa. Mu kuwa duk abin da aka koya mana shi ne tarin da ya wuce mako biyu. Wannan shi ne babban abin da motar nan ta iya wanda kemis na bakin layi ba zai taɓa iyawa ba, wanda ni ma da nake ganin yaron kullum ban iya ba.

Aka ba su ’yan kofunan roba masu murfi, aka ce su zagaya bayan mota su kawo kaki, ba yawu ba, wanda ya fito daga can cikin ƙirji. Ga mai tari abu ne mai sauƙi. Ga yaron da ba ya tari sai da ya yi kusan minti ashirin, wani ma'aikaci yana koya masa ya ja dogon numfashi sau uku sannan ya yi kakari da ƙarfi. A nan ne na fara ganin inda aikin ya yi rauni. Ana kiran lambar mutum ne da ƙarfi a gaban duk masu zaune a benci, a miƙa masa kofi a bainar jama'a. Kasuwa ce, kowa ya san kowa. Kafin Kawu ya dawo daga bayan mota labari ya riga shi isa layinmu. Na ga mutum biyu da suka tashi daga benci suka sulale bayan sun ga yadda ake yi, kuma ina kyautata zaton masu jin wani abu a jikinsu ne suka fi saurin guduwa. Labule ɗaya da tebur a ɗaya gefen motar sun isa su gyara wannan. Ko kuma a riƙa kiran kowa, mai maki babba da ƙarami, zuwa wuri ɗaya a gaya masa sakamakonsa a kunne, ta yadda na waje ba zai bambance ba.

A cikin motar akwai na'urar gwajin kaki da ake kira GeneXpert. Ita ce mitar da na ambata. Ana zuba kakin a wani ɗan kwanso na roba, a saka a na'ura, cikin awa biyu ko ƙasa da haka ta nemo ƙwayar halittar cutar kanta, ta kuma faɗa ko cutar tana jin rifampicin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun ƙarshen 2010. Wadda na gani samfur huɗu take ɗauka a lokaci ɗaya. Yi lissafi da kanka: huɗu a awa biyu, yinin aiki guda bai wuce goma sha shida ko ashirin ba, alhali ni da idona na ƙirga fiye da mutum ɗari da suka hau motar kafin La'asar. Ba zai yiwu a gwada kakin kowa ba, kwanson ma kuɗi ne. Shi ya sa ake buƙatar rariya a gaba, kuma tankaɗen nan shi ne aikin manhajar. Mai hoton ya gaya mini wani abu da ya zauna mini a rai: iyakar da ake cewa maki ya haura, ba na'ura ce ke sa ta ba, mutane ne. In aka sauko da ita za a kama masu ciwo da yawa, amma za a tsorata masu lafiya da yawa a kuma ƙarar da kwanso. In aka ɗaga ta za a yi tattalin kwanso, wasu masu ciwon kuma su zame ta ƙasa. Don haka mai maki ƙasa da ke ci gaba da tari ko rama kada ya ɗauki lambar nan a matsayin takardar sallama, ya je asibiti.

Sakamakon yaron ya zo washegari da safe. An kira shi a waya, aka ce ya je cibiyar shan magani mafi kusa da gidansu. Ciwon ne, amma mai jin magani. Na rufe shago na raka shi.

Na Kawu kuwa shiru. Samfurinsa na cikin waɗanda na'urar motar ba ta kai kansu ba, aka tafi da su wani ɗakin gwaji. Kwana uku babu kira. A kwanakin nan uku dattijon nan bai fito kasuwa ba, ya daina zuwa jam'i, ya ware kwanonsa da kofinsa, ya hana jikokinsa shiga ɗakinsa. Ranar na biyu da na je duba shi na tarar ya fito da littafin bashi yana karanta wa babban ɗansa wa yake bi, wa ke binsa. Ya ce mini, “Ciwon nan in ya dawo wa mutum a shekaruna, ba ya zuwa da wasa.” Lamba 81 kaɗai ya riƙe a kansa, ya ɗauke ta kamar makin jarrabawa, wai kashi 81 cikin ɗari na huhunsa ya tafi. Sai da na bi sawu da kaina, na kira lambar da ke jikin ’yar takardar har sau huɗu, sannan aka duba aka ce ba a ga cutar a kakinsa ba.

Wannan shi ne ƙorafina mafi girma, kuma abin da ya sa ya yi mini ciwo shi ne an san da shi tun kafin motar ta taso. Tarin fuka in ya warke yakan bar tabo a huhu, tabon ba ya gogewa, kuma a hoto yana kama da ciwon da ke ci. Ba sirri ba ne. A 2021 mujallar Lancet Digital Health ta buga wani bincike da aka yi a birnin Dhaka na Bangaladesh, aka gwada manhajoji biyar a kan hotuna kusan 24,000, aka kwatanta da sakamakon gwajin kaki. Duka biyar ɗin sun fi likitocin karanta hoto da aka gwada su da su dacewa, kuma sun nuna za a iya rage gwajin kaki da rabi a kama fiye da tara cikin goma na masu ciwon. Amma binciken nan dai ya nuna aikinsu yana raguwa a kan mutum iri biyu: waɗanda suka haura shekara 60, da waɗanda suka taɓa yin ciwon. Kawu duka biyun ne. An tambaye shi a teburin farko, ya amsa, an rubuta. Abin da ya rage kawai wani ya ce masa, “Baba, tsohon tabo yakan ɗaga lambar nan, kada hankalinka ya tashi, gwajin kaki ne zai faɗa mana.” Magana ce ta daƙiƙa goma. Ba wanda ya faɗa.

Bayan haka ma ba a ba shi hoton ba, ko a takarda ko a waya. Mai maki 81 da ba a sami tarin fuka a kakinsa ba yana buƙatar likita ya duba shi, domin huhu yana da ciwuka da yawa ban da wannan, kuma manhajar an saita ta ne a kan abu ɗaya. Da muka je asibiti sai da muka sake biyan kuɗin wani hoton, abin da ya kai cinikin teburinsa na yini biyu, kafin likita ya duba ya ce tsohon tabo ne a saman huhun dama, ya dawo in ya ga canji. Hoton farko yana nan a kwamfutar mota, tura shi ta WhatsApp ba zai ci komai ba. Kuma tun da maganar ta zo nan, ni mutum ne da ake ba wa amanar wayoyi cike da hotunan iyali, na san nauyin abin. An karɓi sunana da lambata da hoton cikin ƙirjina, ba a ce mini ga inda za a ajiye su ba, ga wanda zai gani ba. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsaurarawa a kai. Ya kamata a faɗa wa mutum da bakinsa na Hausa kafin ya hau matakala.

Mata kaɗan ne suka zo, kuma ban yi mamaki ba, tun da masu tsayar da mutum a gaban farantin duka maza ne. Na ga ana tambayar mace ko tana da juna biyu kafin ta hau, wannan daidai ne. Wasu kuma sun ƙi zuwa saboda jita-jitar cewa hasken yana ƙona jini ko yana hana haihuwa. Hasken hoton ƙirji ɗaya bai wuce kwatankwacin wanda jikin mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a cikin kwana goma na zaman duniya ba. Yara ’yan ƙasa da shekara 15 an mayar da su, iyaye suna ta gunaguni. Dalilin shi ne lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a watan Maris na 2021 cewa manhaja za ta iya tsayawa a madadin mutum wajen karanta hoton tantance tarin fuka, ta taƙaita abin ga masu shekara 15 zuwa sama, domin a kan manya aka yi binciken, kuma ciwon a ƙirjin yaro kamanninsa daban ne. Manhajoji uku ta duba a lokacin: CAD4TB ta kamfanin Delft na ƙasar Holan, qXR ta kamfanin Qure.ai na Indiya, da Lunit INSIGHT CXR ta Koriya ta Kudu. Dalili ne mai kyau, amma iyayen da suka baro gida da yara uku sun cancanci a gaya musu inda za su kai su, ba wai kawai a ce musu “ba a yi wa yara” ba.

Wani abin da na tarar a karance-karancen da na yi a daren da barci ya ƙi zuwa shi ne motar hoton ƙirji ba sabon abu ba ce a duniya. Wani likitan Birazil mai suna Manuel de Abreu ne ya fito da hanyar ɗaukar ƙananan hotunan ƙirjin jama'a da yawa a 1936. A birnin Glasgow na Sikotlan, a 1957, an ɗauki hoton mutum fiye da 700,000 cikin mako biyar. Sai kuma a 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina yawo da motoci ana ɗaukar kowa da kowa, saboda tsada da ƙarancin abin da ake samu. Matsalar ba ta ɗaukar hoto ba ce kaɗai, ta mai karantawa ce: kowane hoto sai an wanke fim, sai ƙwararre ya zauna ya duba, ƙwararru biyu kuma sukan saɓa a kan hoto ɗaya. Abin da ya dawo da motar shi ne yanzu fim ya tafi, mai karantawa kuma yana cikin kwamfuta, ba ya gajiya a hoto na ɗari. Ga ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, ƙiyasin Hukumar wajen rabin miliyan ne a shekara. A 2020 wajen 138,000 kawai aka gano, a 2023 adadin ya haura 360,000. Sauran suna nan a shaguna irin nawa, da tashoshin mota, da makarantun kwana, suna numfashi a ɗaki ɗaya da mutane.

A ɓangaren magani ba ni da abin cewa sai godiya. A cibiyar an auna nauyin yaron, kilo 47, aka ba shi ƙwayoyi daidai nauyinsa, kyauta. Wata shida ne, biyun farko magani huɗu a haɗe a ƙwaya ɗaya, huɗun ƙarshe biyu. Ma'aikaciyar ta zaunar da shi ta ce, “Ɗana, fitsarinka zai koma ja-ja, kada ka firgita, maganin ne. In idonka ya yi ruwan ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa, ka dawo ranar, kada ka jira.” Ta kuma ja masa kunne cewa bayan wata ɗaya ko biyu zai ji garau, kuma a nan ne mutane ke yar da magani, cutar ta dawo ba ta jin na farko. Irin bayanin da na so a yi wa Kawu ke nan. Cikin mako guda wani ma'aikaci ya je gidansu ya duba mutanen gidan. Ƙannensa biyu ƙanana da ba za su iya fitar da kaki ba, bayan gidansu aka karɓa aka gwada a na'urar nan, domin yaro yana haɗiye kakinsa ne. Ba a sami komai ba, aka ɗora su a kan maganin rigakafi. Mahaifiyarsa ta so ware masa kwano da cokali, ma'aikacin ya ce ba ta kwano ake ɗauka ba, ta iska ce, a buɗe taga, ya riƙa rufe baki in tari ya zo. Mako biyun farko ya zauna a gida, ban yanke masa kuɗin da nake ba shi ba. Da azumi ya zo ya tambayi malaminsa da ma'aikaciyar, ya riƙa shan maganin kafin sahur.

In aka tambaye ni ko a je, amsata a je. Duk mai zama a ɗaki marar iska da mutane da yawa, duk wanda wani nasa ya yi ciwon, mai ciwon suga, mai shan taba, wanda ke ramewa ba dalili, in ya ji motar nan ta zo ya bar abin da yake yi ya shiga layi. Amma ya tafi da abu biyu a ransa. In ya taɓa shan maganin tarin fuka, ya faɗa wa mai hoton da bakinsa, ya san tabo zai iya ɗaga lamba. In kuma an karɓi kakinsa, kada ya baro wurin sai ya karɓi lambar wayar da zai kira da ranar da sakamako zai fito. Wanda motar ba ta zo wajensu ba, akwai layin 3340 na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, kira kyauta ne, za a faɗa masa cibiya mafi kusa.

Ni dai bayan mako biyu na sami mai shagon da nake haya, na kawo magini ya fasa bangon baya ya sa taga mai ƙarfe, na sayi ƙaramar fanka mai zuƙe iska ta fitar waje na kafa a sama da teburin dalma. Ƙura tana shigowa, dole nake rufe injinan wayoyi da leda in zan tashi. Kawu ya koma teburinsa da sahunsa na farko a masallaci, kodayake har yanzu in maganar motar ta taso lambar 81 yake fara ambata. Yaron kuwa shekaranjiya ya karɓo maganin wata na biyar. An ɗora shi a sikeli, kilo 54.